Ruwa Ya Ƙare

Ni mai kasa tumatir ne a Farin Gada,
bakina ya saba da ihu tun asuba.
Da Malama Nanret ta ce in zo gwaji
na ce mata, in dai murya ce, kin samu.
Ta dube ni daga takalmi har hula,
ta miƙo min takarda mai shafi talatin,
ta ja jan biro ƙarƙashin kalma uku:
"Ruwa ya ƙare."
Rabona ke nan a wasan gaba ɗaya.

Ajin 'yan firamare muke ara a Gangare
bayan an tashi. Mu tura bencina jikin bango,
ita ta durƙusa da guntun alli
ta zana mana gida a kan siminti:
nan ƙofa, nan turmi, nan randa.
Wanda ya tsallake layin katanga
sai ta ce, "Kai aljani ne? Koma ka bi ta ƙofa."

Mako shida ina shiga ta ƙofar alli.
Na faɗa da ƙarfi, ta ce ba ciniki ake ba.
Na sassauta, ta koma ƙarshen aji
ta toshe kunne ɗaya: "Akwai tsohuwa a nan,
ta biya kuɗinta kamar kowa, kuma ba ta ji ba."
Kada ka ba mutane ƙeya.
Numfashi daga cibiya yake tasowa.
Hannun nan, in ba ka aike shi ba, ya zauna.

Wata rana ta ce, "Barau, daga ina kake?"
Na ce, "Unguwar Rogo."
Ta ce, "Ba kai ba. Shi.
Mai jarkar nan da ta dawo wayam,
rijiya nawa ya leƙa kafin ya iso?"
Na kwana ina ƙirga.
Bakwai.
Washegari ƙafata ta yi nauyi da kanta.

Sai Dung, mai fitowa a maigida,
wanda nake ƙosawa bakinsa ya rufe in jefa nawa.
Ta kama ni: "Jira kake, ba saurare ba.
Daga bakin titi ana hango bambancin."

Daren wasa. Zaure a kan hanyar Bauci,
mutum ɗari da ɗoriya cikin rigunan sanyi,
labule zanin gado biyu da Kyauta ta ɗinke.
Muna tsakiya ƙanƙara ta sauko kan kwano
kamar ana sheƙa tsakuwa a faranti.
Wuta ta ɗauke. Wayoyi suka haska mana fuska.

Na shigo da jarka, maganar tana bakin haƙori,
ko ihun kasuwa na yi ba mai ji.
Na hango Malama a gefen labule,
ta kifa tafin hannu kawai: dakata.
Na dakata. Na dubi Dung.
Ashe yana da tabo a gira, ban taɓa lura ba,
ashe idonsa da gaske yake tambayata.
Na dire jarkar. Ta yi ƙarar abin da ba komai a ciki.
Can sama ta yi tsit, kamar an murɗe famfo.
Na ce, ba da ƙarfi ba,
"Ruwa ya ƙare."

Dariya ta fashe har bencin baya,
ta yi tafiya kaɗan, ta ci karo da jarkar, ta tsaya.
Wata murya daga can ƙarshe, ta tsufa:
"Wayyo, bawan Allah."

Muna naɗe labule ina jiran yabo.
Ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai.
Ƙanƙara ba ta sa hannu a takardarmu ba,
shirun nan kai za ka zo da shi daga gida."

Da safe wata mata ta taya kwando.
Na bar ta ta kai ƙarshen maganarta.