Zare a Kan Tabarma

Bayan isha'i, bayan tashar jirgin Ƙaura,
inda dogo ya yi tsatsa har ciyawa ta haye shi,
munka taru mu ashirin da uku a rumfar Nomau mai shayi,
Kudu da Arewa da Guramada, gwiwa na gugar gwiwa.
Wanda ya zubar mini da haƙori bara
shi ya matsa mini wuri a benci.

Ni ke riƙe da littafin ƙungiya,
don ni kaɗai na leƙa aji uku na sakandare.
Na karanta: kuɗin ƙofa, kashi goma,
biyu namu, takwas na Alhaji Labbo.
Na karanta: Tunau, muƙamuƙi, asibitin Gusau,
kwana sha tara yana zuƙar kunu ta tsinken roba.
Mai fili ya aiko dubu biyar da "Allah ya ƙara sauƙi."

Arzika ya miƙe, shi da hannunsa ya fi bakinsa magana:
"Jumma'a kada kowa ya ɗaura. A bar wa kujeru filin."
Jabbi ya ce, "Kai kana da fadama a Kurya.
Ni damben nan ne gonata, shi ne rumbuna.
In na kwanta mako guda, wa zai auna wa ɗiyana dawa?"
Daga baya tsoho Hantsi ya ɗaga kalangu:
"Mu fa? In babu dambe wannan fatar ta ci me?"
Anka ce, "Baba, kana da baki, ba ka da ƙuri'a."
Ya yi dariya, ya ce haka duniya ta saba yi masa.

Wani ya ce za a kwaso 'yan dambe daga ƙetare,
mota ɗaya, a cike gurbinmu kafin la'asar.
Wani ya ce a tura dattawa tukuna.
Wani ya ce an tura, har sau uku, da goro sunka dawo.
Shayi ya huce.
Janareta ya yi tari, ya mutu.

Sai shugaba ya shimfiɗa tabarma a tsakiya:
"Ba ɗaga hannu, hannu na jin kunyar ido.
Duhun nan ya ishe mu sutura.
Wanda ya yarda a zauna, ya ajiye zarensa nan.
Wanda ya ce a shiga, ya riƙe abinsa."

Na haska da waya, na ƙirga.
Sha ɗaya a ƙasa, a naɗe kamar macizai masu barci,
da warin gumi da na tsohon jini.
Sha ɗaya cikin aljihu.
Saura ɗaya.

Ba wanda ya san ranar Talata
Alhaji ya kira ni bayan motarsa,
ya danƙa mini dubu talatin, ya ce kafin alƙalami.
Na biya haya, na sai wa Inno maganin hawan jini,
sauran ya riga ya zama tuwo.
Zarena na ƙuna a cinyata kamar garwashi.

Sai na tuna Shinkafi, ranar da Tunau ya kashe ni a turmi na biyu.
Bai ruga gaban makaɗa ya sha kirari ba.
Durƙusawa ya yi, ya zuba mini ruwa a ka,
yana cewa, "Tashi, Ladan, mutane na kallo."

Na ajiye.
Sha biyu.

Ba a yi tafi ba, ba a yi kabbara ba.
Jabbi ya daɗe yana duban ƙasa,
sannan ya zaro nasa ya jefa bisa sauran:
"An kayar da ni a ƙuri'a, na ji.
In na shiga fili ni kaɗai, wa zan doka? Iska?"

Na rubuta: Jumma'a ba dambe.
Na rubuta kwanan wata.
A shafin ƙarshe, inda ba mai dubawa,
na rubuta sunana, da dubu talatin,
da kalma ɗaya a gefe:
bashi.