Gilashi Na Goma Sha Bakwai

Ruwa na dukan tagar bene na huɗu,
garin Porto ya yi kalar toka.
Ondina ta ture kofin gahawa gefe,
ta sa gilashi na goma sha bakwai a ƙarƙashin madubi.

Ɗan yankin nan bai kai kaurin ɓawon albasa ba.
Makon jiya yana cikin babban hanjin Abílio,
mai ɗinkin raga a Matosinhos,
wanda ya ce wa matarsa basir ne kawai,
ya shekara yana faɗin haka.

Ta hagu, ƙwayoyin sun yi zobe-zobe,
suna kwaikwayon gidan da suka fito,
har yanzu suna tatso majina,
kamar ma'aikacin da aka sallama
amma bai daina sammako ba.
Wannan ta san shi.
Ta rubuta sunansa ya fi sau dubu.

Ta murza kaɗan, gilashin ya gusa.

Wasu ne daban.
Ƙanana, a cunkushe, ba ƙofa ba tsakar gida,
cikinsu kamar an barbaɗa gishiri da masoro.
Rinin da aka zuba musu da safe
sun sha shi, sun koma ruwan ƙasa,
na hagu kuwa ko kallonsa ba su yi ba.

Ƙari ɗaya. Ciki ɗaya ya haife su,
kowa ya kama gabansa.
A tsakiya ma ga wata ƙwaya
da ta ɗebo halin nan, ta ɗebo na can,
ta rasa wanda za ta ce wa yaya.

Takarda na jiran suna guda.
Maganin da zai karya wannan,
wancan zai iya yi masa dariya,
kuma ƙaramin ya fi saurin ƙafa.
Sai ta ƙirga: in kowanne ya kai talatin cikin ɗari,
dole a kira su duka biyun.
Ta ƙirga. Ta goge ido. Ta sake.
Talatin da biyar, ko da bakwai.

Ta ɗaga waya, ta ajiye.
Bari ta ƙara duba na goma sha takwas.

A ɗakin jinya, can ƙasa,
Abílio ya kama bakin bargo
yana ƙulla zaren da ya warware,
yana tambayar nas Filomena
ko an ce yaushe zai fara cin kifi.