Muryar Fasto Eliseo

A Totonicapán, ƙarfe huɗu na asuba,
mahaifina kan riga zakara tashi.
Makirufo na aro, ɗakin rediyo kamar akurki:
"Ku farka, Ubangiji bai yi barci ba."

Direbobin bas suka ji shi a kan tsaunuka.
Masaƙa suka ji, ƙoshiya na kai da komo.
Wata gwauruwa, Petrona Tzul,
ta ba shi rumfar da take shanya ulu.
Benci bakwai, kwano mai yoyo,
coci ke nan.

Mu a gida ta akwatin rediyo muka san shi.
Inna takan ƙara sauti, ta ce,
"Ku gai da babanku."

Shekara talatin da ɗaya,
sai likita ya cire masa maƙogwaro.
Yanzu benci ya haura ɗari,
wani yaro mai kwat ke kan mumbari.

Da asuba gidan rediyon na maimaita tsofaffin kaset.
Yana zaune cikin bargo,
leɓɓansa na bin kalmomin.
Wani lokaci ya girgiza kai,
ya miƙo mini hannu in ba shi biro.