Ɗan Kunne Guda

Ni ce Rubaba, 'yar mai hura wutar gidan wanka
a lungun marina, kudancin Tehran.
Hannuna ya tsufa, amma bai manta alƙalami ba.
Bari in rubuta wadda ta saka mini shi tsakanin yatsu.

Hujasta sunanta, jinin sarauta.
An haife ta bayan katanga bakwai,
a ɗakin da aka manne rufinsa da gutsattsarin madubi
har fuska guda ta zama taro.
Takan ce mana: madubi ya yi yawa, taga ce babu.
Tsaunin Alburz na can da farar hularsa ta ƙanƙara,
ita kuwa sai dai ta ji labarinsa
a bakin masu kawo gawayi.

Ta bayan labule ta yi karatu.
Malami na fama da ƙannenta maza,
ita tana tsintar baƙaƙe kamar kaza a gindin turmi.
Abin da suka zubar, shi ta haɗiye.

Ranar da ta shigo lungunmu ana yayyafi,
baƙin mayafi har ƙasa, takalmi duk taɓo.
Ta kama ɗaki biyu a gidan Ƙurban mai rini.
Da ta yaye lulluɓi muka ga kunnen hagu wayam.
Zumurrudun da ke nan jiya
ya koma benci shida, tawada, da hayar shekara.
Na dama ta bari.
Ta ce, wannan na ranar da abu zai ƙi.

Mu goma sha ɗaya ne.
Kaukab mai in'ina,
Tuba da saƙar darduma ta kumbura wa yatsu,
ni mai warin hayaƙi.
Ta fasa rumman a faranti ta ce mu ƙirga 'ya'yan,
wadda ta yi daidai ta cinye.
Haka lissafi ya shige mu, da zaƙi da ɗan tsami.

Kada ku ɗauka waliyyiya ce.
Tana da zafin kai, tana jifa da alli,
ba ta san farashin burodi ba,
ba ta iya kunna wutar shayi.
Ni na koya mata, tana tari, tana zagin gawayi.

Wata uku ba su cika ba duwatsu suka fara.
Na farko ya fasa gilashi, na biyu ya sami goshin Tuba.
Ta fita ƙofa, ba ta ɗaga murya ba:
"Uwar yarinyar nan an sayar da gonar gadonta
tana zaune, da dangwalen yatsanta a takarda.
Wane ne a cikinku ya jefi wanda ya saya?"
Lungu ya yi tsit. Washegari aka dawo da wasu duwatsun.

'Yan'uwanta suka yanke mata kuɗin wata.
Wasiƙa goma sha huɗu ta aika wa majalisa
a kan hakkin mace ta yi karatu, ta riƙe abin hannunta.
Guda aka amsa, aka ce ana gaida ta.
Ta yi dariya har ta share hawaye,
ta juya bayan takardar muka yi rubutu a kai.

Sai shekarar yunwa ta zo, amai da gudawa na biye.
Kaukab ta tafi a daren Laraba.
Ran Alhamis na ga kunnen dama wayam,
buhun gari huɗu jingine a bayan benci.
Ba wadda ta tambaya.

Ta rasu a ɗakin haya, da bargo ɗaya.
Daga fada ba wanda ya zo
sai wani tsohon bawa da ya tsaya nesa yana kuka.

Ni na yi mata wanka.
Na zuba ruwa, na gyara furfura,
na tsaya a kan hudar kunnuwan nan biyu,
ƙanana, baƙaƙe,
kamar ɗigo biyu a kan harafin ta,
harafin da ya fi ba ni wuya.

Yanzu jikata ke karanta mini jarida,
da sauri, tana cin rumman, ba ta ƙirgawa.
Na bar ta.