Lissafin Mai Awo

Ni mai awon hatsi ne a Nafada.
Ban taɓa rataya takobi ba, mudu gare ni.
Bayan lisha aka aiko in zo zauren shawara,
wai Daular Kurmala za ta karɓo abinta.

Abinta:
ƙauyuka goma sha ɗaya a hayin Gongola,
rijiyar kanwa, mashaya biyu,
da wata tsamiya da kakan Waziri ya taɓa ɗaure akuya a gindinta.
Shekara talatin ke nan da suɓucewarsu,
amma a zauren nan, jiya ne da yamma.

Waziri Gidado ya shimfiɗa ƙirgi a ƙasa,
an ja kogin a kai da shuni,
ya ɗora ƙwallon goruba a mazaunin kowane gari.
Ya ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekarar fari, shiru.
Mu tura musu gishiri da araha
har ƙafarsu ta manta hanyar wata kasuwa.
Ta biyu, mu janye maƙeransu ɗaya bayan ɗaya,
kowa da gida da gona a wannan gaɓa,
sai lauje ya gagare su, balle mashi.
Ta uku, masunta su auna kowane mashigi da gora,
su yi kamar koma suke dubawa.
Ta huɗu, shanu hamsin ga mutanen dutse,
kada mu fuskanci gabas su sauko mana ta ƙeya.
Ta biyar,
sai ya ɗago kai.
Bappayo, rumbu nawa?

Na ce ɗari biyu da shida,
arba'in daga ciki gara ta riga mu shiga.
Na ce baki dubu shida ne,
in rani ya kai ruwa gwiwa
gero zai riƙe mu wata uku, idan jakuna ba su ci ba.
Ya ce jakuna za su ci.
Na ce to, wata biyu.
Wani ya yi dariya can wajen ƙofa,
bai samu mai taya shi ba.

Aka shiga gardamar tuta, ja ko fara.
Aka raba sarautun garuruwan da ba a ci ba,
har mutum biyu suka ɓata a kan rijiyar kanwa.
Babu wanda ya tambaye ni
wa zai yi shuka a shekara ta shida.

Ga abin da ban faɗa ba.
Ƙwallo na bakwai, wanda ya ɗan karkace a bakin shunin,
nan Adda Dije take.
Ta aurar da 'ya'ya huɗu a can,
jikokinta da wani suna suke kiran gero.
Bara na haye da sunan fatauci,
na tarar da wani tsoho yana ɗinke ƙwarya a inuwar tsamiyar nan,
na ce, baba, ba ku kewar Kurmala?
Ya daɗe yana neman ramin allura.
Ya ce, duk mai zuwa da mudu yake zuwa.
Naku ya fi na waɗannan girma, ko kuwa?

Ban amsa ba.
Na san girman mudunmu, ni ke goge bakinsa.

Zakara ya yi cara, aka shafa fatiha.
Waziri ya tattara daularsa cikin tafin hannu,
ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
ya ce ɓera ya shigo zauren nan, goma na gani.
Aka ɗaga tabarmi, aka haska lungu.

Na fito ta bakin kogi.
Mata sun fara wanki a gaɓa biyu,
sautin dukan tufa ɗaya ne, nan da can.
Hannuna na cikin aljihu,
riƙe da gari guda
mai ƙamshin goruba.