Kitsen Alhamis a Samarƙand

Babana Ergash gyaran agogo yake yi
a wata rumfa bayan kasuwar Siyob.
Daga Juma'a har Laraba
ba ya ganin alheri a komai.
Ruwan famfo ya lalace, in ji shi,
yaran yanzu ba su iya gaisuwa ba.
Ko agogon da ya gyara da hannunsa
harara yake sha, kamar ya ci masa bashi.

Ranar Alhamis Inna Mavluda kan ɗora tukunyar ƙarfe.
Kitsen wutsiyar rago ya fara narkewa
yana tsartuwa, yana 'yar ƙara,
albasa ta shiga ta yi ja,
karas mai ruwan ɗorawa, tafarnuwa dunƙule guda,
shinkafa a sama kamar an lulluɓe jariri.
Osh muke ce masa.
Ƙamshin kan fita har bakin titi ya taro Baba.

Lomar farko, shiru.
A ta biyu ya kwance maɓallin wuya.
Kafin ta bakwai maiƙo ya gangaro masa har gwiwar hannu,
sai ka ji: Tursunboy fa mutumin kirki ne,
kuɗin da nake binsa, ku ce na yafe.
Inabin bana zai yi albarka.
Ya ɗago ya tuna Inna kyakkyawa ce.
Har kyanwa takan samu ƙashi.

Ina ƙarama na ɗauka duniya biyu ce,
ta mai yunwa da ta wanda ya ƙoshi,
na rasa a wacce gidanmu yake.

Da la'asar nauyi ya danne shi a inuwar inabi,
shayi ya huce a gefensa.
Ya farka da ƙwannafi, ido ja:
wa ya ce a yafe wa Tursunboy?

Shekarar da ƙirjinsa ya riƙe shi a kan matakala
likita ta duba jini ta girgiza kai.
Dafaffen kabeji. Ba mai, ba gishiri.
Wata takwas.
Wandonsa ya yi masa yawa, numfashi ya dawo,
yana hawa bene ba ya tsayawa,
amma Alhamis ta koma Laraba.
Kyanwa ta ƙaura gidan maƙwabta.
Inna ta daina sa ɗankunne.

Wani dare na kama ta da cokalin shayi
tana auna kitse kamar mai auna zinariya.
Ta ce: da hanau gara mannau,
ki rufe bakinki.

Ya ci. Bai ce ya gane ba.
Ya lashi yatsa ɗaya, ya daɗe yana kallon rufi,
sannan ya ce inabin bana ba laifi.
Tursunboy kuma,
ku ce ya kawo rabi.