Hannuna a Shafi na Bakwai

Shekara talatin ina murza ƙuli a Bagalam,
sai yatsu suka yi mini tawaye.
Na ce sanyi ne. Tsahara ta ce a'a, Inna,
dakarun jikinki ne suka rasa ɓarawo,
suka koma dukan masu gida.

Ta ɗebi jinina, bai cika cokali ba,
ta kai ɗakinsu na bincike,
inda firji ya fi mutum gata in wuta ta ɗauke.
Damina huɗu tana leƙen abin da ido ba ya gani.

Yanzu wai takardarta ta tsallake teku,
masana ɗari uku da sha ɗaya sun ambace ta.
Na ce, da alheri dai?
Ta yi dariya har tabarau ya zame.

Ɗalibanta kan zo gaishe ni,
su sha fura, su saci kallon hannuna.
Jiya ta nuna mini hoton:
ba suna, ba fuska, sai lamba.
Da tabon man gyaɗa na gane shi.

Kumburin bai gama tafiya ba.
Amma yau da asuba
ni na kwance wa akuya igiya.